Fi'ilin “Take” da Abokan Tafiyarsa: Lacca a kan Ƙiyasi da Sima'i a Harshen Ingilishi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya bai wa kowace al'umma harshen da za ta bayyana abin da ke cikin zuciyarta da shi; tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya shugaban wannan majalisi, Allah ya ƙara maka girma. Ya ku malamaina da abokan aikina. Ya ku ɗalibai. Abin da na zo da shi gabanku yau kalma ɗaya ce tak ta harshen Ingilishi, mai haruffa huɗu, wadda kowane yaro yakan koya tun bai cika shekara a ajin Turanci ba, wato fi'ilin nan “take”. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ashe don wannan 'yar kalma aka tara manyan mutane, aka bar manyan kalmomi irin na shari'a da likitanci da mulki, waɗanda ko furta su ma sai an daure? Amsata ita ce, duk wanda ya daɗe yana koyar da harshen nan, ya kuma daɗe yana bin takardun ɗalibai da jan alƙalami, ya san doguwar kalma ba ta cika ba da wahala ba, domin galibi ma'ana ɗaya gare ta, in ka haddace ta ka mallake ta. Amma ƙananan fi'ilai irin su “take” da “make” da “do” da “get” da “give”, waɗanda ba a iya ɗan taƙaitaccen zance ba tare da su ba, su ne ke ka da mutumin da ya shekara goma yana karatu, su ne kuma ke nuna wa mai sauraro, tun daga jimlar farko, ko mai magana ya ƙoshi da harshen ko kuwa leƙensa kawai ya yi.

Kafin in shiga Turancin, bari in ɗauko ma'auni daga zauren da da yawa daga cikinmu suka fara sanin mene ne suna, mene ne fi'ili, mene ne harafi. Malaman nahawu da sarfu na Larabci, tun zamanin Halilu ɗan Ahmadu da almajirinsa Sibawaihi a Basra, sun raba abin da ke cikin harshe gida biyu. Akwai abin da ake kira ƙiyasi, wato wanda in ka san ƙa'idarsa za ka iya auna dubunsa a kanta ba tare da ka taɓa jin su ba. Akwai kuma abin da ake kira sima'i, wato wanda babu ƙa'idar da za ta kai ka gare shi, sai dai ka ji shi daga bakin masu harshen, ka riƙe shi yadda ka ji shi. Wanda ya karanci Alfiyyar Ibnu Malik, ko ya bi ta kan Hisnur Rasin na Malam Abdullahin Gwandu, ya san masdarin fi'ilin da ya haura haruffa uku da ƙiyasi ake fitar da shi, amma masdarin mai haruffa uku, da jam'in da ake ce wa karyayye, yawancinsu sai an ji. To, abin da nake so in tabbatar muku a wannan zama shi ne, haɗuwar “take” da sunayen da yake tafiya da su tana cikin babin sima'i, kuma mafi yawan kurakuran da 'ya'yanmu ke yi sun samo asali ne daga ƙoƙarin yin ƙiyasi a wurin da ƙiyasi ba ya aiki.

Mu Hausawa bai kamata wannan al'amari ya zame mana baƙo ba, domin abin da Ingilishi ke yi wa ɗanmu shi ne Hausa ke yi wa ɗan wani. Ku dubi baƙon da ya zo koyon harshenmu, aka ce masa “ci” shi ne a tauna abinci a haɗiye, “sha” kuwa kurɓar ruwa, ya rubuta a littafinsa, hankalinsa ya kwanta. Kashegari ya fita gari ya ji ana cewa wane ya ci sarauta, wane ya ci bashi, wane ya ci amana, an ci wane tara, kasuwa tana ci, jama'ar Shehu sun ci Alƙalawa a 1808. Ya ƙara gaba ya ji wane ya sha wuya, wane ya sha rana, wane ya fita shan iska, ya kuma ga muna shan rake wanda sai an tauna, muna shan taba wadda hayaƙi ce. Bargery, da ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa a 1934, da Abraham, wanda nasa ya biyo baya a 1949, kowannensu sai da ya yi doguwar tsayuwa a kan waɗannan 'yan kalmomi biyu kafin ya wuce. In baƙon nan ya tsare mu da tambaya, ya ce don me ake cin amana ba a shan ta, don me ake shan iska ba a cin ta, iyakar abin da mafi yawanmu za su ce shi ne haka muka ji iyayenmu suna faɗa. Wannan amsa ba gazawa ba ce, ita ce amsar gaskiya, kuma ita ce ainihin abin da malamai suke nufi da sima'i.

Shi kansa “take” ba haifaffen gidan Ingilishi ba ne. Mutanen Ingila na dā, in za su ce a ɗauki abu, kalmarsu ita ce “niman”, 'yar'uwar “nehmen” da Jamusawa ke amfani da ita har yau. A shekarar 793 mahara daga ƙasashen arewacin Turai suka zo ta teku suka far wa tsibirin Lindisfarne, a 865 babbar rundunarsu ta sauka, a 866 suka ci birnin York, daga nan suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar, suka yi noma, suka yi auratayya da mutanen da suka tarar. Kalmarsu ta “taka” ta shiga bakin jama'a, ta fara bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 11, tana ture ta gida sannu a hankali, har ya zama zuwa wajen 1500 tsohuwar ta kusa ɓacewa, sai ɗan ɓurɓushi irin kalmar “numb”, wadda ake faɗa wa gaɓar da sanyi ya kama har ta daina ji, asalin ma'anarta kuwa “abin da aka kama”. Ta wannan ƙofa ce “they” da “egg” da “sky” da “window” suka shigo. Na kawo wannan tarihi ne don ku ga cewa fi'ilin da ya kusa shekara dubu a bakin manoma da matuƙan jirgi da alƙalai da sojoji da 'yan kasuwa, kowane rukuni yana haɗa shi da kayan sana'arsa, abin da ya taru a kansa ba tsari ne da mutum ɗaya ya zauna ya shata ba, balle a ce za a same shi daidai wa daida. James Murray, wanda ya shugabanci aikin babban ƙamus na Oxford, ya rasu a 1915 yana kan harafin T, aikin bai kammala ba sai a 1928, kuma babin “take” yana cikin mafi tsawo a ƙamusun duka.

Duk da haka ba na so ku fita daga nan da zaton cewa abin rikici ne tsagwaronsa, domin ko sima'i yana da inda ya dosa. Ma'anar haƙiƙa ta “take” ita ce mutum ya miƙa hannu ya kama abu ya jawo shi wajensa, kamar a “take the book”, kuma duk sauran ma'anoninsa majazi ne da suka tsiro daga wannan. Sai dai abu yakan zo hannun mutum ta fuska biyu. Wani lokaci kai ne ka tashi ka kamo shi da ƙarfinka ko da nufinka, sai a ce “take a town”, a ci gari, ko “take power”, a ƙwaci mulki, ko “take revenge”, a ɗauki fansa, ko “take a bribe”, a ci hanci, ko “take a loan”, a ci bashi. Wani lokaci kuma abin ne ya zo ya same ka, kai dai karɓa ce taka da jurewa, sai a ce “take a beating”, a sha kashi, ko “take the blame”, a ɗauki laifi, ko “take criticism”, a sha suka a daure. In kun lura, fuskar farko ita ce Hausa ta fi bai wa “ci”, ta biyu kuma ta fi bai wa “sha”, abin da ya rage ta raba wa “ɗauka” da “karɓa” da “kama” da “yi”. Wato aikin da muka raba wa fi'ilai biyar ko shida, Ingilishi ya ɗora wa guda ɗaya, saboda haka yaron da ya rubuta a littafinsa cewa “take” shi ne ɗauka ya riƙe kaso ɗaya ne ya saki sauran. Ko mu ma rabon namu bai zama ƙa'ida yankakkiya ba, tun da muna cewa ya sha duka, muna kuma cewa ya ci duka, babu mai gyara mana. Wani abin daɗi shi ne inda harsunan biyu suka haɗu ba tare da sun yi shawara ba: tsofaffin Turawa in za su fita yawon la'asar sukan ce “take the air”, wanda shi ne shan iskarmu.

Akwai rukuni na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci ga mai koyo, inda “take” ya zubar da kusan dukan nauyinsa, ma'ana ta koma kan sunan da ke biye. In mutum ya ce “take a walk”, babu abin da ya kama, babu abin da ya jure, tafiya kawai ya yi. Haka “take a look” dubawa ce, “take a rest” hutawa ce, “take a bath” wanka ne, “take a breath” numfashi ne, “take a seat” zama ne. Otto Jespersen, malamin nahawu ɗan ƙasar Denmak, wanda ya rasu a 1943 bayan ya ƙarar da rayuwarsa a kan nahawun Ingilishi, shi ne ya laƙaba wa irin waɗannan suna fi'ilai marasa nauyi. Fi'ili a nan kamar tuwo yake, suna kuma kamar miya: tuwon shi ne ke riƙe da akushi, yana ɗauke da lokaci da fa'ili, amma ɗanɗanon daga miya yake, in ka canza ta ka canza abincin. Mu ma haka “yi” yake a bakinmu, a yi barci, a yi magana, a yi salla, a yi aure.

Mai tambaya zai ce, tun da akwai “walk” da “look” da “rest” a matsayin fi'ilai cikakku, mene ne amfanin wannan kewaye? Fa'idarsa biyu ce, kuma wanda ya gane su ya gane wani sirri na salon Turanci. Ta farko, suna yana yi wa aikin iyaka, ya mai da shi abu guda mai farko da ƙarshe: “he walked” yana iya zama tafiyar yini ko ta neman abinci, amma “he took a walk” fita ce guda ɗaya, ta ganin dama, wadda ake komowa daga gare ta, wannan shi ne abin da masu sarfu ke kira masdarin marra, mai nuna aukuwar aiki sau ɗaya. Ta biyu, suna yana karɓar sifa cikin sauƙi fiye da yadda fi'ili ke karɓar bayani, saboda haka sai a ce “take a long walk”, “take a deep breath”, “take a quick look”, “take great care”, maganar ta zauna daram a kunnen mai harshen, alhali in an tilasta wa fi'ilin ɗaukar wannan bayani sai ta yi nauyi.

Yanzu na iso wurin da nake so in daɗe, domin nan ne na fi ganin jan alƙalami yana ƙarewa, wato sha'anin 'yan haruffan nan “a” da “the”, na farko alamar nakira, na biyu alamar ma'arifa kamar alif da lam na Larabci. Yaranmu suna ɗaukar su kamar ƙura a kan jimla, a sa ko a bari duk ɗaya, alhali a babin “take” su ne ke juya ma'ana gaba ɗaya. Ku ɗauki kujera misali. In baƙo ya shigo ofis aka ce masa “take a chair”, zauna aka ce masa. In kuwa magatakarda ya rubuta a littafin taro cewa Malam wane “took the chair”, yana nufin shi ne ya shugabanci zaman, ko da a tsaye ya yi shi. Mai fassarar da ya mayar da wannan zuwa “Malam wane ya ɗauki kujera” ya ɓata tarihin taron, wanda zai karanta bayan shekaru ba zai san wa ya jagoranta ba. Haka “take place”, babu nakira babu ma'arifa, ma'anarsa aukuwa, a ce ɗaurin aure “took place” ranar Juma'a. “Take a place” kuwa samun gurbi ne, kamar a makaranta ko a sahu. “Take the place of” maye gurbin wani ne. “Take your places” umarni ne kowa ya koma mazauninsa. Suna ɗaya, fi'ili ɗaya, ma'ana huɗu. A kan lokaci ma haka: “it takes time” abu ne mai cin lokaci, “take your time” kada ka yi gaggawa, “take the time to read it” ka ware lokaci musamman ka karanta. A kan zuciya: “take heart” ƙarfafa guiwa ne ga wanda ya karaya, amma “take it to heart” sa abu ne a rai har ya dami mutum, saboda haka mai ta'aziyyar da ya musanya su ya faɗi kishiyar nufinsa a wurin da ba a son kuskure. Mufradi da jam'i su ma suna da nasu hukunci: “take pains” ƙwazo ne da kyautata aiki, ba shi da alaƙa da ciwo, “take sides” goyon bayan ɓangare ne, “take turns” karɓa-karɓa ne, “take steps” tashi ne a magance matsala, alhali “take a step” yana iya zama taku ɗaya na ƙafa.

Akwai gwajin da za ku iya yi don ku san ko haɗin ya daskare ko da sauran motsi a jikinsa, wato ku gina shi ga maf'uli, ku ɓoye fa'ili. Ana cewa “care was taken”, ana cewa “steps were taken”, ana cewa “a photograph was taken”, duk sun halatta. Amma ba a cewa “place was taken” da nufin abu ya auku, ba a cewa “heart was taken”, domin waɗannan sun riga sun zama kamar kalma ɗaya, ba a raba su. Sa'an nan kowane haɗi yana da harafin jarrin da yake ja a bayansa, wanda shi ma ji ake yi: “take care of”, “take part in”, “take pity on”, “take pride in”, “take offence at”, “take exception to”, “take advantage of”. Wanda ya haddace biyun farko ya bar na ukun bai gama hadda ba.

Bari in kawo muku abu biyu da suka shafi rayuwa, don kada a zaci maganar ta tsaya a allo. A ce yaro yana karatu a nesa, ya rubuto wa mahaifinsa cewa “I have taken the examination”, aka kai wasiƙar wurin mai karantawa, shi kuwa ya tuna cewa “take a town” cin gari ne, ya yi ƙiyasi, ya ce wa tsohon ɗanka ya ci jarrabawa; gida ya ɗauki guɗa, maƙwabta suka shigo barka, alhali yaron zama kawai ya yi ya rubuta, sakamako bai fito ba, domin cin jarrabawa a Turanci “pass” ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da suka fara da Faransanci, tarkonsu ta ɗaya gefen yake, domin a harshen Faransa “passer un examen” zaman jarrabawa ne kawai, ba cin ta ba, sai su ji “pass” na Ingilishi su zaci shi ne. Na biyu kuma a ɗakin magani yake. Takardar da ke jikin kwalba tana cewa “take two tablets three times a day”, mu kuwa shan magani muke yi, ko ƙwaya ce ko ruwa. Mai jinyar da zai gaya wa likita Bature cewa majinyaci “drank the tablets” za a gane shi da ƙyar, shi kuma likitan in ya ce “take his temperature” ba cewa ya yi a ɗauke wa mutum zazzaɓi ba, auna zafin jikinsa ake nema. A irin wannan wuri kuskuren lugga yana iya zama cuta ga bawan Allah.

Su kansu masu harshen ba su haɗu a kan komai ba. Mutumin Ingila ya fi cewa “have a bath” da “have a look”, na Amurka ya fi cewa “take a bath” da “take a look”. Yanke shawara a Amurka “make a decision” ne kusan kullum, a Ingila kuwa ana jin “take a decision” a bakin ma'aikatan gwamnati da 'yan majalisa. Ana cewa “take a photograph” amma “make a film”, ana cewa “take a trip” amma an fi cewa “make a journey”, kuskure kuwa “make” ake yi masa, ziyara da sauraro “pay” ake yi musu kamar bashi. Malamin da ya ce “I take that class” yana nufin shi ke koyar da ajin, ɗalibin da ya faɗi haka yana nufin shi ake koya wa. Wannan saɓani ya yi kama da na malaman nahawun Basra da Kufa, kowa yana kafa hujja da abin da ya ji, kuma shawarata ga ɗalibi ita ce ya san duka biyun, ya riƙi ɗaya a rubutunsa.

Turawa sun daɗe ba su ga girman wannan mas'ala ba, saboda mutum ba ya jin nauyin harshen da ya tsotsa. A 1930 wani masani mai suna C. K. Ogden ya fito da tsarin da ya kira Basic English, inda ya taƙaita harshen duka zuwa kalmomi 850, fi'ilai 18 kacal a ciki, “take” yana ɗaya daga cikinsu, da niyyar sauƙaƙa wa baƙi. Har Churchill ya yaba wa tsarin a jawabinsa na Jami'ar Harvard a 1943. Niyyar kyakkyawa ce, amma a ganina ya rage adadin kalmomi ne ya ƙara adadin haɗe-haɗe, ya kwashe kayan daga inda ake ganinsu ya tura su inda ba a gani, domin duk fi'ilin da ya cire sai an maye shi da ƙaramin fi'ili haɗe da suna, kowane haɗi kuwa hadda ce sabuwa. Waɗanda suka ga gaskiyar abin su ne waɗanda suka zauna a gaban baƙin ɗalibai. Harold Palmer ya tafi Japan a 1922 don gyara koyar da Ingilishi, ya ga inda yara ke tuntuɓe, a 1933 ya fitar da rahoto a Tokiyo wanda ya tattara dubban irin waɗannan haɗe-haɗe, yana mai cewa kowanne a koye shi ɗungurungum kamar kalma guda. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya ɗora a kai, ya fitar da ƙamus na masu koyo a Tokiyo a 1942, Oxford ta sake buga shi a 1948, kuma jikokin wannan ƙamus ne ke hannun ɗalibanmu yau. Daga baya J. R. Firth na Jami'ar Landan ya mai da abin babi a ilmin harshe, yana koyar da cewa wani sashe na ma'anar kalma yana cikin abokan zamanta. Ina girmama aikinsu ƙwarai, amma haƙƙi ne a faɗa cewa Zamakhshari, wanda ya rasu a 1144, ya riga ya gina ƙamusunsa Asasul Balaga a kan wannan tushe, yana kawo kalma cikin jimlolin da Larabawa ke sa ta, yana raba haƙiƙa da majazi. Fi'ilin “ɗaraba” na Larabci ma ya isa shaida, wanda asalinsa duka ne, amma ana yi wa misali, ana yi wa kuɗi, ana yi wa tanti, har mu ma muna cewa a buga misali.

Akwai Turancin da ya tsiro a ƙasarmu, wanda a cikinsa ake cewa “they have taken the light” in an ɗauke wuta, ake cewa mace “has taken in” in ta ɗauki ciki, ake cewa “take excuse” in za a nemi izini, ake tambayar baƙo ko “he has taken his food”. Ba na cikin masu kallon wannan da raini, domin harshen da ya karɓi “taka” daga bakin mahara ba shi da hujjar ƙyamar abin da ya fito daga bakinmu, kuma tsakaninmu ana fahimtar juna sarai. Abin da nake nema shi ne ɗalibi ya san wanne ne na gida, wanne ne na ko'ina, don kada ya rubuta wa wanda ke wata ƙasa “she has taken in”, shi kuwa ya tsaya yana jiran jin abin da ta shigar. Abin da ya fi damuna ma shi ne ruwan da ke gangarowa ta ɗaya gefen, daga Turanci zuwa Hausa, ta hannun masu fassarar labarai da ke aiki cikin gaggawa. “Ɗaukar mataki” ya riga ya zauna, ba mai tayar da shi, kuma ya yi mana amfani. Amma in na ji an ce taro “ya ɗauki wuri”, ko an ce wane “ya ɗauki wanka” da nufin wanka kawai ya yi, alhali a bakin samarinmu ɗaukar wanka cin ado ne, ko an ce “ɗauki kujera” ga baƙon da ya kamata a ce masa bismilla, zauna, sai in ga ƙiyasin nan da ya ɓata wa yaro Turancinsa ya juyo yana ɓata masa Hausarsa. Mai fassara yana bukatar sima'i biyu, na harshen da yake ɗaukowa da na wanda yake zubawa.

Ya ku malamai, abin da nake roƙo a aikace ɗan kaɗan ne, kuma ba ya bukatar kuɗi. Ku hana yara rubuta kalma ɗaya ta Turanci a hagu da kalma ɗaya ta Hausa a dama. Kowane yaro ya ware shafi ga “take”, wani ga “make”, wani ga “do”, duk lokacin da ya ci karo da haɗi a littafin karatu ko a jarida ko a rediyo ya rubuta shi cikakke, da nakirarsa ko ma'arifarsa, da harafin jarrinsa, da jimlar da ya same shi a ciki, sa'an nan a gabansa ya rubuta abin da Bahaushe ke faɗa a irin wannan hali, ba fassarar kalmomin ba: gaban “take an oath” ya sa shan rantsuwa, gaban “take a train” ya sa shiga jirgin ƙasa, gaban “take leave of them” ya sa yin sallama da su. In za ku yi musu gwaji, ku ba su suna ku nemi fi'ilin da ke tafiya da shi, domin mai magana sunan ne yake fara zuwa masa, ya san jarrabawa yake nufi ko magani ko hoto, fi'ilin ne yake ɓace masa. Ku kuma sa su riƙa faɗin haɗe-haɗen da babbar murya, ana maimaitawa kamar yadda ake biya karatu a tsangaya, har kunne ya saba, ya zama in an ce “do a photograph” yaro ya ji abin ya soke shi tun kafin ya tuna dalili. In yaro ya tambaye ku don me ake cewa “take a photograph” ba a cewa “take a film” da nufin shirya fim, kada ku ƙago masa ƙa'idar da babu ita don gudun a ce malam bai sani ba. Ku gaya masa haka masu harshen suke faɗa, ku buɗe ƙamus tare da shi, ku nuna masa wurin da aka rubuta.

Shugaba, Allah ya ba ka nasara, nan zan dakata don masu tambaya su sami fili.